Ƙunshin da Na Kai Yamai Na Komo da Shi

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka bar Maraɗi, mu kusan talatin a saman wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, da aka cika da buhunan gujiya. Ku 'yan majalisarmu na bakin gidan waya kun dame ni da tambayar yadda Yamai take, kuma tun da na komo nake kauce muku. To ga labarin a rubuce, tun da rubutun wasiƙa ne sana'ata, kuma alƙalami ya fi bakina kunya.

Wanda bai sani ba ya sani: ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Lawali. Shekara tara ke nan da ya bar gida. Ya yi aikin soja wajen Faransa, da aka sallame su ya zauna Yamai yana gyaran mota. Da farko wasiƙa na zuwa, daga baya ta ɗauke. Sai bara wani falken goro ya kawo mana labarin cewa ya ga Lawali da idonsa yana fitowa daga majami'ar Nasara, ya auri wata Kirista 'yar ƙasar Mosi, ya shiga addininsu.

Da aike biyu na hau motar nan. Na farko na baffanmu ne, ƙanen mahaifinmu marigayi, wanda ya tara dangi a zaure ya ce tun da ni ne na yi karatun mandiƙi, wato ilimin auna hujja, har shekara huɗu a gaban malam, to ni zan je in komo da ɓatacce kan hanya. Na biyu na Inna ne. Ciwon yana ya rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo, kuma lokotoron asibiti ya ce da wuya ya kai kaka. Gwaggonmu ta ja ni gefe ta ce, "Ka taho da shi ta gan shi tun tana gani." Ita Inna ba za ta iya faɗin haka ba, don Lawali ɗan farinta ne. Kun san al'ada: tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, kakarmu ce ta rene shi. Da na je sallama, sai ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo wani ƙunshi a tsohon zane, an ɗaure shi tam, ta tura mini da ƙafa kamar abin da ba ta damu da shi ba. Ta ce, "In ka tahi can, ka ba wancan." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Na sa ƙunshin a ƙasan jakata, na ɗora littattafaina a kansa. Tun daga nan ya kamata in gane aiken da na fi ɗauka da girma.

Hanyar Yamai, in ana kiran wannan hanya, jan tsakuwa ce mai kunya-kunya kamar gonar dankali. In shofer ya yi gudu haƙoranka su yi ta kaɗawa, in ya tafi a hankali hanjinka ya juya. An ce mun sami 'yancin kai, an sauya tuta a bakin kowane buro, wato ofishin gwamnati, amma ramukan da Nasara ya bari suna nan babu wanda ya koma gida da shi. Bazara ce, rana tana dukan buhunan har man gujiya ya riƙa tsattsafowa yana ɓata mana riguna. Kusa da ni akwai wani tsohon soja mai kunne ɗaya, da wata mata mai kwandon zabi, da wani dattijo da ya kama hanya don ya kai ƙarar ɗan sarkin garinsu gaban sababbin mahukunta. Dattijon ya yi imani cewa yanzu da mulki ya komo hannun baƙar fata za a saurare shi. Babu wanda ya yi masa musu, don tausayi.

A Madawa muka ci kilishi mai kyau, a Galmi kuwa albasa ce ko'ina, jibgi-jibgi a bakin hanya, da dala biyu sai a cika maka ƙwarya. Matar zabi ta saya, tsohon soja ya saya, daga nan har Ƙonni duk wanda ya buɗe baki sai na kusa da shi ya kau da kai.

Ni kuwa ina can ina wasa wuƙata. Na san abin da Kirista suke cewa, don na taɓa rubuta wa wani ma'aikacin misiyo, wato gidan malaman Kirista, wasiƙu, na kuma tsare shi da tambaya. Suna cewa Allah ɗaya ne, amma Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Mai Tsarki Allah ne, kuma duk da haka Uba ba shi ne Ɗa ba. To a mandiƙi akwai ƙa'idar da ko ɗan shekara bakwai ya yarda da ita: in wannan shi ne wancan, wanin nan ma shi ne wancan ɗin dai, to wannan da wanin nan abu ɗaya ne. In liman shi ne mai gonar bakin rafi, kuma mijin Hajo shi ne mai gonar bakin rafi, ai ba sai an faɗa maka cewa liman ne mijin Hajo ba. Na gwada hujjar nan a kan tsohon soja. Ya saurara da kunnensa ɗaya, ya ce shi dai ya ga Kirista sun mutu a yaƙi, ya ga Musulmi sun mutu, kuma duk ihunsu iri ɗaya ne. Na ce a raina, ga jahili.

Bayan Ƙonni jandarma suka tare mu suna duba takardar shaida. Ɗaya ya karɓi ta dattijon nan mai ƙara, ya dubi hoton, ya dube shi, ya sake duban hoton. A hoton mutum ne mai kumatu da baƙin gemu. Jandarma ya ce, "Wanga kai ne?" Dattijo ya ce, "Ni ne, ranka shi daɗe, kahin haraji." Har jandarman ya yi dariya ya miƙa masa abinsa. Ni ma na yi dariya, ban ɗauki komai a ciki ba.

Mun kwana biyu a hanya, sau uku mota tana mutuwa. Daga Dogon Dutsi ƙasa ta fara sauya fuska, da muka kai Doso kuwa sai Hausa ta fara ƙaranci a bakin mutane, Zabarmanci ya karɓe kasuwa. Ka ce sannu a ce maka fofo. Gab da Yamai muka ga raƙuman dawa guda biyar suna cin ganyen gawo, ko kallonmu ba su yi ba. Matar zabi ta ce tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wuyan nan, kuma wannan ce magana mafi hankali da aka yi a motar.

Da la'asar ta rana ta uku muka shiga Yamai. Zan faɗa muku gaskiya, garin bai kai labarinsa ba. Akwai unguwar manya a kan tudu mai gidajen siminti da itatuwa a jere, inda sababbin ministoci suka shiga ɗakunan da Nasara suka fita, har masu dafa abincin ba a sauya ba. Sauran kuwa laka ce da bukkoki kamar ko'ina. Abin da ya fi ƙarfin bakina shi ne kogi. Mu da muka saba da gulbin da ke ƙafewa rabin shekara, ga ruwa shimfiɗe har ido ya gaji, ga jirgin fito yana ƙetare da motoci da shanu, ga masu wanki sun baje tufafi a kan duwatsu. Tsada kuwa ba a magana. Kwanon tuwon da za ka ci a nan ka ƙoshi, can sai ka biya ninki biyu ka tashi kana hamma. Na ci kifin kogi soyayye, na ci wani kwaɗon zogale da suke kira kopto, na sha ruwan pampo mai warin magani. A gidan wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi na sauka, wanda ya shekara ashirin a can, 'ya'yansa suna yi mini Hausa a karkace.

Kwana biyu ina yawon neman Lawali makanise. Na bi garaji-garaji, na tambayi shofer-shofer, babu wanda ya san shi. A rana ta uku na biya ta Katako inda ake sayar da itacen gini, na tsaya shan ruwa wajen wata Bazabarma mai sayar da fura. Na ba ta labarin wanda nake nema. Ta ƙura wa fuskata ido, ta nuna tsagen da ke kumatuna, ta ce, "Mai wannan aska, dogo, yana gyara mota? Ai Andire ne. Tafi Bukoki, kowa ya san shi." Wato sunan da aka yanka wa rago bai kai ni ko'ina ba, sai askar da wanzami ɗaya ya yi mana. Da na ji sunan nan Andire na ajiye furar ban shanye ba.

A Bukoki, sabuwar unguwa ce da ake ta kafa bukkoki da ɗakunan laka, na tarar da ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin wata mota. Na yi sallama. Ƙafafun suka tsaya cik. Ya jawo jiki ya fito, ya dube ni, sai ya kira ni da sunan da babu mai kirana da shi tun ina yawo ba wando, ya rungume ni da baƙin mai da komai. Ya yi furfura a gefen kai. Da ya yi dariya sai na ji dariyar mahaifinmu sak, har da ɗan tarin da ke biyo ta. Na yi niyyar in tsaya a sandare, amma idona ya ci amanata.

Ya kai ni gida. Matarsa ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni da 'yar Hausarta. Ga 'ya'ya biyu, namiji da mace. Na ji yana kiran 'yar da Inna, na tambaya, ya ce ai sunan mahaifiyarmu ya sa mata, bakinsa ba ya iya faɗa. Aka kamo kaza, sai ya miƙo mini wuƙa ya ce, "Kai za ka yanka, don ka ci hankalinka kwance." Ya sa aka wanke buta, aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, shi da kansa ya nuna mini gabas. Duk wannan ya ƙara mini haushi. Na zo da shirin tarar da kafiri mai warin giya, sai na tarar da wana.

Muna cin abinci ya tambayi Inna. Na faɗa masa maganar idonta. Ya cire hannu daga ƙwarya, ya ce kunya ce ta hana shi zuwa, don bai san ko za a bar shi ya shiga zaure ba. Sa'an nan ya ce, "Jibi Litinin akwai kamiyo mai tahiya Maraɗi, na san shofer ɗin. Mu tahi tare. In baffa ya kore ni, ko ta katanga in gan ta."

Ku lura da kyau, 'yan majalisa. A nan aiken Inna ya riga ya cika. Ban yi gardama ba, ban buɗe littafi ba, ga shi zai biyo ni da ƙafarsa. Abin da ya rage kawai in koma masaukina in ɗauko ƙunshi in ba shi, in kama bakina har Litinin. Amma na kwana biyu a kan gujiya ina wasa wuƙa, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na ce a raina ƙunshin nan zai zama tukuici, ranar da ya sake kalmar shahada ranar zai karɓa.

Ran Lahadi da hantsi na koma gidansa, na tarar sun komo daga majami'a. A tsakar gida ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya akwai baƙi huɗu ko biyar, cikinsu da wani tsoho ɗan Dahome mai farin tabarau, wanda shi ke koya wa sababbin shiga addininsu karatu. Ya iya Hausa sarai, don ya yi aikin gidan waya a Tawa da Damagaram. Aka gaisa, aka kawo ruwa. Ban bari ruwan ya tsirga ba na jefa tambayata.

Na kawo misalin liman da gonar bakin rafi. Na ce in Uba shi ne Allah, Ɗa shi ne Allah, kuma Allah ɗaya ne, to Uba shi ne Ɗa, ko ku yarda da haka ko ku yarda alloli uku gare ku. Tsohon bai fusata ba. Ya goge tabarau ya ce tambayar tsohuwa ce, manyan malamansu sun shekara ɗaruruwa a kanta. Ya ce a wajensu tambaya biyu ce: mene ne, da kuma wane ne. In ka ce mene ne, amsa ɗaya ce, zatin Allah, ba ya rabuwa. In ka ce wane ne, amsa uku ce. Na ce to ni da kai da wancan duk mutane ne, mene ne ɗinmu ɗaya, wane ne ɗinmu uku, kuma kowa ya ƙirga mu zai ce mutum uku, ba mutum ɗaya ba. Wani daga cikin baƙin ya yi dariya, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Sai na zaro babbar ƙa'idar, wadda malaminmu yake kira ma'aunin ɗayantaka. Na ce in an ce abu biyu ɗaya ne, to duk abin da ya tabbata ga wannan dole ya tabbata ga wancan, in aka sami ko da siffa ɗaya da suka saɓa, to ba ɗaya ba ne. Ku kun ce Ɗa ya ji yunwa, ya yi barci, ya mutu. Uba ya ji yunwa? Tsohon ya yi wani bayani a kan ɗabi'a biyu, ta Allah da ta mutum, na tare shi, ya sake, na sake tare shi. A ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, iyakar sanina ke nan. Ni na gaskata, ban ce na kewaye shi da hankalina ba." Ya faɗi haka cikin natsuwa, amma ni na ɗauke shi a matsayin kayi.

Na juya ga wana, wanda tun da aka fara yake ta murza wani ƙaramin ƙarfe a hannu. Na ce, "Ka ji malaminka." Ya ce, "Na ji. Ni ban iya gardama ba, ƙanena, ka hi ni karatu tun muna yara. Abin da ya kai ni can ba lissahi ba ne, kuma ban iya hwaɗa maka shi a gaban mutane. Bari wanga zance. Gobe da sahe mu kama hanya."

Da na yi shiru a nan ma da an tsira. Amma mai nasara ba ya son a tashi daga fage. Na ce, "Wa zai kama hanya? Bari mu auna da ma'aunin nan. Wanda Inna ta haifa sunansa Lawali, kai Andire kake. Lawali yana salla, kai ba ka yi. Lawali in ya mutu mu za mu wanke shi, kai ba mu ba. Siffa ɗaya ta isa, ga uku na ba ka."

Matarsa da ke tankaɗe ta ajiye rariya. Wana ya dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ita ta aiko ka da wanga magana?" Na ce a'a. Ya ce, "Ta ba ka wani saƙo gare ni?" Na ce, "Akwai saƙo a hannuna, amma na Lawali ne. In ka gan shi ka ce ya zo ya karɓa."

Magana zarar bunu ce. Ya ajiye ƙarfen hannunsa ya ce, "To ka maida mata abinta." Ya tashi ya shiga ɗaki. Tsohon Dahome ya raka ni har bakin ƙofa, ya ce mini Allah ya kiyaye hanya.

Na tabbata zai zo. Na ce dare ɗaya zai kwana da hujjar nan a ƙirji, da safe ya iso masaukina yana kuka. Litinin ta yi, na bar motar ta tafi, na ƙara kwana biyu ina jira. Daga masaukina zuwa Bukoki bai fi tafiyar shan taba ɗaya ba, amma na ce ai mai gaskiya ba ya bin mai ɓata. Na yi ta zaga gari ina kallon abin da ba ya gabana: babbar kasuwa, raƙuman Buzaye masu kawo itace, 'yan lakwal, wato yaran makaranta, da gajeren wando suna rera waƙar sabuwar ƙasa. Na gamu da dattijon nan mai ƙara zaune a bakin wani buro, ya ce kullum ana ce masa gobe. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, mai masaukina ya ce in ruwa ya sauka hanya za ta yanke, in tashi tun da wuri.

Ran Alhamis da safe ina saman mota, jakata tsakanin ƙafafuna, sai na hango matar wana tana ratsa taron tasha da 'yar nan a hannu. Ta miƙo mini wata 'yar jaka: kan sukari guda, kwalbar maganin ido, da hoton yaran biyu. Ta ce, "Ya ce ka ba tsohuwa. Ka ce wani mutum ne a Yamai ya ba." Yarinyar tana kallona da idon Inna. Ƙunshin yana nan ƙarƙashin littattafaina, ina jin tudunsa da ƙafata, miƙa shi bai fi sunkuyawa ɗaya ba. Na ce a raina in na ba da yanzu na sauka daga kan maganata a gaban mace. Shofer ya tayar da mota, na ce mata na gode.

Komowa kwana biyar ta ɗauke mu. Ruwan farko ya same mu bayan Doso, mota ta kafe sau biyu, muka sauka muna turi cikin jan taɓo. Manoma sun fito shuka ko'ina, maza na sara da sungumi mata na bi suna jefa iri, kowa na murna. Ni ban ga komai ba. A Galmi ko albasar ban saya ba.

Baffa na fara tararwa a zaure. Na ba shi labarin muƙabala tiryan-tiryan, ya yi ta kabbara, ya ce na wanke wa zuriya fuska, wanda ya ƙi ji kuwa shi ya sani. Na ɗan ji sanyi, na shiga cikin gida da wannan sanyin.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta karkata kai wajen zaure. Na gane ba ni take kallo ba, sauraro take, tana jiran ta ji takun mutum na biyu. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi hanya, ta tambayi ruwa. Ba ta tambayi kowa ba. Na ajiye mata sukari da magani da hoto, na kasa faɗin abin da aka ce in faɗa, na ce daga can ne. Ta kai hoton dab da idonta mai sauran gani, ta juya shi wajen haske, ta daɗe. Sa'an nan ta jawo jakata don ta fitar da kayan wanki kamar yadda ta saba tun ina yaro. Hannunta ya wuce littattafan ya taɓa ƙunshin. Ta shafa ƙullin, ta gane nata ne, babu wanda ya taɓa shi.

A gabana ta kwance. Gwado ne fari mai baƙin layi, saƙar hannu, dogo irin na dogon mutum. Gwaggo da ke tsaye ta ce shekara biyu Inna tana kaɗin zarensa, tun ido na gani har ta koma kaɗi da lalube, kuma ta hana kowa ya sa mata hannu. Ta fara shi ne kafin labarin falken goro, da labarin ya zo kuma ba ta ajiye mazari ba.

Inna ta shimfiɗa gwadon a cinyarta. Ga gwaggo, ga matata, ga matan maƙwabta da suka shigo yi mini barka da zuwa. A gabansu duka ta ɗaga kai ta ce, "Ka ga Lawali?"

Gwaggo ta dafe baki. Shekara talatin da takwas sunan nan bai fita daga bakin Inna ba. Ni da na tsaya a tsakar gidan mutum na auna shi da ma'auni na ce ba shi ba ne, na buɗe baki na ji kaina ina cewa, "Na gan shi, Inna." Ta ce, "Shina lahiya?" Na ce lafiya lau. Ta ce, "To mi ya hana ka ba shi?"

Shekara huɗu na yi ina koyon amsa tambaya, wannan ba ta cikin littafi.

An ce tafiya mabuɗin ilimi, to ga abin da tawa ta buɗe mini, kuma da ɗaci na koye shi. Har gobe ina kan addinina, har gobe ban ga yadda uku za su zama ɗaya ba, in an sake zama da tsohon nan abin da na faɗa masa shi zan sake faɗa. Amma ma'aunin da na ɗauka don in auna maganarsu, da na juya shi kan ɗan'uwana ƙarya ya ba ni, kuma na san ƙarya ce tun ina faɗa, don na ji dariyar ubanmu a bakinsa. Dattijon da jandarma ya tare ma ya fi ni sani, kamanninsa sun saɓa da hoto amma ya san shi ne dai. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannun ba ni na haife shi ba, mai shi kuwa ba ta ce a yanke ba. Ta ce ka ba wancan, ni na ƙara sharaɗi daga aljihuna.

Yanzu damina ta yi nisa, motocin Yamai sai jefi-jefi. Gwadon yana ɗakina, Inna ta ce ba za ta karɓa ba, aikena ne. Na rubuta wasiƙa, ni da nake rubuta wa rabin garin nan ban taɓa shan wuyar bayan ambulan irin wannan ba. In na sa Lawali ba za ta isa ba, don babu wanda ya san shi a Bukoki. In na sa Andire, ba shi Inna ta kira ba. Na rubuta su duka biyun a layi ɗaya, na jefa. Yau sati shida ba amsa. Jiya da hantsi, gari ya haske tar, Inna ta tambaye ni ko rana ta fito.